Abincin Shuka da Ke Cikin Iska

Mu malaman gona an horar da mu kan iri da taki da ban ruwa da feshi, amma babban kaso na jikin shuka ba daga buhun taki yake fitowa ba. Idan aka busar da albasar Yauri ko karan shinkafa, sama da kashi 40 cikin ɗari na abin da ya rage sinadarin kabon ne, kuma ganye ne ya zuƙo shi daga iska da taimakon hasken rana.

An daɗe kafin a gane haka. Wani likita a Beljiyam, Jan van Helmont, ya dasa bishiya mai nauyin kilo 2 a tukunya, ya yi shekara 5 yana ba ta ruwa kawai. Ta kai kusan kilo 77, ƙasar tukunyar kuwa ko giram 60 ba ta rasa ba. Ya ce ruwa ne ya zama itace. Sai a 1804 Nicolas de Saussure na Janiba ya nuna cewa iskar kabon dayoksaid ce shuka ke ci, kuma idan aka ƙara mata kaɗan a cikin rana takan ƙara girma.

Manoma ne suka mai da binciken sana'a. A farkon shekarun 1960 masu noman latas a ɗakunan gilashi na Holan sun riƙa kunna murhun kananzir saboda sanyi, sai suka lura latas ɗin na ƙara nauyi fiye da abin da ɗumi kaɗai zai kawo. Iskar kabon dayoksaid da wutar ke fitarwa ce ta jawo haka. Daga nan abin ya bazu zuwa tumatir da kokwamba da furanni. A 1983 Bruce Kimball a Amurka ya tattara sakamakon gwaji 430, ya ga ninka wannan iska na ƙara amfanin gona da kusan kashi ɗaya cikin uku. Tun 2005 kamfanin OCAP ke ɗauko ta a bututu daga matatar man Shell da ke Rotadam zuwa gonakin gilashi na Westland. Iskar waje yanzu tana da kabon dayoksaid ɗan fiye da kashi 420 cikin miliyan, masu gonakin gilashin kuwa sukan kai ta 800 zuwa 1,000.

Masu noman tabar wiwi a rufaffun ɗakuna a ƙasashen da suka halatta ta, irin su Kanada tun 2018, a wajen masu tumatir suka ari dabarar. Har yau suna gardama kan ko tana da amfani a ƙarshen lokacin fure, tunda tsohon ganye ba ya cin iska kamar sabo. A Najeriya noman wiwi laifi ne mai tsanani, akwai dokar 1966, akwai hukumar NDLEA tun 1989, kuma duk wanda ya ga yadda take cin matasa a tashoshinmu ba zai so ta zama hanyar arziki ba. Na kawo zancen ne don wasu samari da suka ga bidiyon waɗannan ɗakuna a waya sukan tambaya ko za su yi wa tumatir da tattasai haka a rumfar leda.

Amsar da nake ba su ita ce su dubi zafinmu. A watan Maris da Afrilu Yelwan Yauri takan haura digiri 40. Rumfar da aka rufe ruf a irin wannan rana dafa shuka za ta yi, da zarar an buɗe gefenta don ta sha iska kuwa, abin da aka saya da kuɗi ya bi sararin sama. Ɗan Holan yana rufe ɗakinsa ne don sanyi, shi ya sa dabarar ta zauna masa daidai. Wanda kuma ya yi tunanin jawo hayaƙin janareto ya sani akwai gubar kabon monoksaid a ciki, wadda ke kashe iyali guda a dare ɗaya, akwai kuma sinadarin da ke kakkaɓe fure. Wannan ina hana shi da babbar murya.

Sannan ƙarin iska ba ya aiki sai ruwa da taki da haske sun wadata. Dubi manomanmu: Gungawan ƙasar Yauri sun yi suna da albasa tun kafin a kammala madatsar Kainji a 1968, suna ɗebo ruwan Kwara da ƙwarya suna zuba wa fangali. Da tafkin ya cinye tsibirai aka tashi dubban mutane, sana'ar ta koma bakin ruwa, daga Shanga har Wara ta ƙasar Ngaski, ana bin ruwa da shuka yayin da yake janyewa. Abin da ke karya manomin nan a yau kuɗin man inji ne, da tsadar taki, da albasar da ke ruɓewa a rumbu kafin farashi ya tashi. Takin shanun da yake zubawa ma, yayin da yake ruɓewa, yana sakin wannan iska a gindin shuka kyauta.

Akwai ɓangaren da ya fi damuna. Kafin zamanin masana'antu iskar duniya na da kabon dayoksaid kashi 280 cikin miliyan. Da Charles Keeling ya fara awo a dutsen Mauna Loa a 1958 ta kai wajen 315. Ke nan gonakinmu na samun ƙarin, ko mun so ko mun ƙi. Shinkafa da albasa da wake suna amsa shi sosai, gero da dawa da masara kuwa kaɗan, saboda tsarin ganyensu daban ne. Sai dai binciken da aka buga a 2018, daga filayen gwaji na Japan da Sin, ya nuna shinkafar da ta tashi cikin irin iskar da ake hasashe a ƙarshen ƙarnin nan tana rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na furotin, tare da raguwar sinadarin ƙarfe da zinki da bitamin B. A jihar da aka ƙaddamar da shirin lamunin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, inda tuwon shinkafa ke ciyar da yara safe da dare, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ina son ganin cibiyar bincike ta Badeggi da Jami'ar Aikin Gona ta Zuru sun ɗauki shinkafar FARO 44 da manomanmu ke shukawa, sun gwada ta a fadamun Yauri, sun auna ƙwayar tare da auna buhun.