Iskar gas ta cikin kwal: me ya sa manoman Ostireliya suka ce “a kulle ƙofa”?

Iskar gas ta cikin kwal ita ce iskar methane da ke maƙale a jikin shimfiɗar kwal can ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya danne ta ya hana ta fitowa. Kafin a same ta sai an haƙa rijiya an zuƙe ruwan, wanda galibi gishiri ne da shi. Da zarar nauyin ruwan ya ragu, iskar sai ta biyo bututu ta hau sama. A wasu rijiyoyin har sai an tura ruwa da yashi da sinadarai da ƙarfi don a tsattsaga kwal ɗin.

A Ostireliya harkar ta fi ƙarfi a jihar Queensland, inda aka haƙa dubban rijiyoyi a yankunan Surat da Bowen. Tun 2015 ake fitar da gas ɗin zuwa ƙasashen waje ta tsibirin Curtis da ke kusa da garin Gladstone.

Me mutane ke tsoro?

Babban abin shi ne ruwa. Manoma da makiyaya da yawa a can sun dogara ne da ruwan ƙarƙashin ƙasa, musamman babbar ma'ajiyar da ake kira Great Artesian Basin. Fargabarsu ita ce rijiyoyin burtsatsensu su ja baya, ko ruwan ya gurɓace. Sai kuma tambayar inda za a kai tarin gishirin da ake tacewa. Ga hanyoyi da bututu da ke ratsa gonaki, ga methane da ke tsiyaya tana ƙara ɗumamar yanayi.

Tsoron ba na banza ba ne. A 2014 an ci tarar kamfanin Santos bayan ruwan da ya tsiyaye daga wani tafkinsa a dajin Pilliga ya gurɓata ruwan ƙasa, har aka samu yuraniyom fiye da kima. Su kuwa kamfanonin cewa suke yi harkar na kawo ayyuka da kuɗin shiga, kuma ana sa ido a kan ruwan.

Gona taka, abin da ke ƙasa na gwamnati

A dokar Ostireliya, ma'adinan da ke ƙarƙashin gona na gwamnati ne, ba na mai gona ba. Haka abin yake a Najeriya ma, kuma duk mazaunin Fatakwal ko Warri ya san irin rigimar da wannan ke haifarwa. Manomi na iya neman diyya da sharuɗɗa, amma da wuya doka ta ba shi ikon cewa a'a gaba ɗaya.

Shi ya sa a 2010 aka kafa ƙungiyar Lock the Gate, wato “kulle ƙofa”. Manoma suka riƙa rataya alluna masu ruwan ɗorawa a ƙofar gonakinsu, masu sa kai kuma suna bi gida-gida suna jin ra'ayin jama'a, sannan unguwa ta ayyana cewa ba ta yarda a haƙa gas a cikinta ba.

Inda aka ci, da inda aka sha kaye

A 2012 kusan kashi 87 cikin 100 na masu jefa ƙuri'a a Lismore, jihar New South Wales, sun ce ba sa so. A 2014 dubban mutane suka tare a Bentley suka hana kamfanin Metgasco haƙa. Gwamnatin jihar ta dakatar da izininsa, a 2015 kuma ta sayi lasisinsa a kan dalar Ostireliya miliyan 25. Jihar Victoria ta haramta harkar baki ɗaya a 2017.

Amma fa ba ko'ina aka yi nasara ba. A 2020 an amince wa Santos ya haƙa rijiyoyi har 850 a Narrabri, duk da adawar manoma da 'yan asalin yankin, al'ummar Gomeroi, waɗanda dajin Pilliga ke da tsarki a wurinsu. A Queensland kuwa ana ci gaba da haƙa.

Inda jama'a suka haɗa kai tun kafin a kafa rijiyar farko, sun fi samun yadda suke so. Inda aka riga aka shimfiɗa bututu aka zuba jari, magana ta koma ta diyya da sa ido a kan ruwa.