Ƙarfe Ya Fi Kamfani Tsawon Rai: Vénissieux da Mutum-mutumin Gwanjo

A shekarar 1902 wani ɗan Lyon mai suna Marius Berliet, wanda ya fara ƙera mota a ɗan ƙaramin shago, ya karɓi masana'antar Audibert da Lavirotte a unguwar Monplaisir bayan kamfanin ya durƙushe. A kan abin da wasu suka bari ya kafa ƙafarsa. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, sojojin Faransa suka matsa da neman manyan motocinsa samfurin CBA, irin waɗanda suka yi jigilar dakaru da harsasai zuwa Verdun a 1916, sai ya sayi gonaki a Vénissieux, kudu maso gabashin Lyon, ya gina katafariyar masana'antar da ta mayar da ƙauyen garin ma'aikata. Mutanen Nijar ma sun ga aikinta, domin motocin Berliet ƙirar Gazelle ne suka ratsa Tenere daga Djanet zuwa Fort-Lamy, Njamena ta yau, a 1959 da 1960.

Daga nan masana'antar ta yi ta sauya hannu. Citroën ta saye ta a 1967, Renault ta karɓa a 1974, aka haɗe ta da Saviem a 1978, Volvo ta Suwidin ta ɗauki ragamar a 2001. A gefe guda na garin, Bosch ta juya masana'antarta daga famfunan injin dizal zuwa faifan sola, ta sayar wa Sillia a 2014, ita kuma ta rufe a 2017. Duk lokacin da aka yi irin wannan sauyi, ko aka daina ƙera wani samfurin mota, akan kwance layin aiki gaba ɗaya alhali injunan cikinsa da sauran ƙarfinsu. Nan ne tushen kasuwar mutum-mutumin masana'anta na hannu, kuma a ganina ita ce ƙofa mafi sauƙi da ƙaramin maƙeri zai bi ya shiga aikin zamani, muddin akwai gwanayen gyara kusa da shi.

Wannan mutum-mutumi bai yi kama da mutum ba. Hannun ƙarfe ne, galibi mai gaɓoɓi 6, an ɗaure gindinsa a ƙasa, yana walda ko fenti ko ɗaukar kaya. Na farkonsa, Unimate, ya fara aiki a kamfanin General Motors a Amurka a 1961, sai mutane suka ɗauka abin na manya ne kaɗai. Amma lokacin da ASEA ta fito da IRB 6 mai aiki da lantarki zalla, wanda ya fara saye a 1974 ƙaramin kamfani ne, Magnusson, a garin Genarp na Suwidin, don goge bututun ƙarfe, kuma injunan sun yi shekaru gommai suna wannan aiki. Ke nan ƙaramin maƙeri ya daɗe da sanin amfanin abin, tsada ce ta tsare shi. Gwanjo ne ke rage wannan tsada, amma sai an dace da gyara. Mai gyaran ƙwarai yakan warware hannun gaɓa-gaɓa, ya duba giyar da ta fara wasa, ya sauya wayoyin da suka gaji da lanƙwasa, ya zuba sabon giris, ya canza batirin da ke riƙe wa injin lissafin matsayinsa, sa'an nan ya sa shi ya yi ta komawa wuri ɗaya ana aunawa, a ga ko yana kauce wa. Wanda ya wanke ya fesa fenti kawai, shi ma gyararre yake kiran nasa, kuma a nan ake cutar masu saye.

Masu suka suna cewa arha ba ta ado, kuma akwai gaskiya a bakinsu. Ƙarfen yana jurewa, amma akwatin kwamfutar da ke sarrafa shi yana tsufa da wuri, kamfanin da ya yi shi kan daina fitar da kayan gyaransa, wani lokaci ma a rasa mai iya rubuta masa umarni. Haka kuma kuɗin hannun wani yanki ne kawai na abin da za a kashe, don sai an sayi abin kamun kaya, an kewaye shi da shinge saboda kada ya make ma'aikaci, an biya wanda zai saita shi. Sai dai wannan sukar tana nuna wane injin za a saya da kuma daga hannun wa, ba ta hana sayen ba. Duk wanda ya taɓa neman kayan mota a kasuwar Ƙofar Ruwa ya san tokumbo mai yawa a gari ta fi sabuwar da babu mai kayanta. Yankin Lyon ya yi sa'a a nan: fiye da shekara 100 na aikin manyan motoci sun bar masa makanikai da masu lantarki, ga Stäubli da ta sayi Unimation, kamfanin da ya ƙera Unimate, a 1989 tana ƙera irin waɗannan hannaye a Faverges, cikin yankin.

Suka ta biyu ta fi nauyi, wato cin aikin mutane. Vénissieux ta san zafin wannan. Dogayen gidajen unguwarta ta Minguettes an gina su ne don ma'aikata, da yawansu 'yan Aljeriya, kuma da aiki ya ja baya 'ya'yansu ne suka assasa tattakin neman daidaito da ya isa Paris a Disambar 1983. Ba zan ce injin bai rage hannu ba. Amma shagon mutum 20 da ya kasa cika oda a kan lokaci rufewa yake yi, duka 20 su tafi gida, alhali wanda ya ɗora wa injin waldar da ke cin ido da huhu yakan riƙe odar da mutanensa. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai da ke sha'awar irin wannan ciniki yana da tambayoyi biyu kafin ya tambayi farashi: wutar da ba ta rawa, da yaron da za a tura ya koyi akwatin sarrafawar tun kafin a sauke kwantena.