Na'urar da ke yi wa jiragen sama jagora wajen sauka

Idan hazo ya rufe sararin samaniyar dajin Birnin Gwari da yammacin jihar Kaduna a lokacin hunturu, matuƙin jirgin da ya doshi filin jirgin saman Kaduna ba ya iya dogara da idonsa.

Filin, wanda hanyarsa ta ratse daga titin Kaduna zuwa Birnin Gwari, shi ne mafi kusa da masarautar.

A irin wannan yanayi ana amfani ne da na'urar ILS, mai ɓangare biyu: ɗaya yana daidaita jirgi da tsakiyar titin sauka, ɗayan kuma yana nuna wa matuƙi ko ya yi sama da yawa ko ya yi ƙasa.

Ɓangaren na biyu wata eriya ce da ake kafawa a gefen titin, wadda ke aika sigina iri biyu ta rediyo, ɗaya ta fi ƙarfi daga sama, ɗayar daga ƙasa.

Inda ƙarfinsu ya zo daidai, nan ne layin gangarowa, wanda galibi karkatarsa digiri 3 ce. Wato jirgi zai riƙa rage tsayin kimanin ƙafa 300 a kowane mil guda na ruwa, kimanin kilomita 1.85.

Sai dai kuma akwai layukan bogi da kan bayyana a saman na ainihin, abin da ya sa ake horar da matuƙa su kama layin ta ƙasa.

A matakin farko na na'urar, idan jirgi ya sauko zuwa ƙafa 200 matuƙi bai hango titin ko fitilunsa ba, wajibi ne ya fasa sauka ya sake tashi.

A watan Agustan 1997, mutane fiye da 220 suka hallaka lokacin da jirgin Korean Air ya daki wani tudu a tsibirin Guam, inda wannan ɓangare na na'urar ba ya aiki.

Hukumar NAMA mai kula da sararin samaniyar Najeriya ta kafa sabuwar na'urar a Kaduna a shekarar 2017, gabanin rufe filin jirgin Abuja na makonni shida domin gyaran titinsa.

A lokacin, kamfanin Ethiopian Airlines ya amince ya koma Kaduna, yayin da manyan kamfanonin Turai suka ƙi.