Daga Ramin Faransa zuwa Tafkunan Ciyawa: Yadda Fiffiken Allon Iska Ya Kwanta

A 1972, da aka buɗe gasar makon gudu ta Weymouth a mashigin Portland da ke kudancin Ingila, babu wanda ya kawo allon iska a ransa. Fagen na manyan jiragen ƙyalle ne. An shata mita 500 a kan ruwa, alƙalai suna riƙe da agogo, jirgin Crossbow na Tim Colman ya yi gudun kusan kilomita 49 a awa, duniya ta yi ta mamaki. Allon da Jim Drake da Hoyle Schweitzer suka yi wa rajista a Amurka shekara biyu kafin nan kayan nishaɗin bakin teku ne: dogo, mai nauyi, mutum ya tsaya a kai ya riƙe ƙyalle iska ta tura shi. A ƙarƙashin wutsiyarsa akwai ɗan fiffike na roba wanda ba a cika waiwayarsa ba.

Wannan fiffiken kuwa shi ne ke hana allo zamewa gefe. Iska daga gefe take bugun ƙyalle, fiffike ya tokare ruwa, sai ƙarfin ya koma tura allon gaba. Da aka shiga shekarun 1980 alluna suka gajarce, aka cire babban fiffiken tsakiya, nauyin aikin duka ya koma kan na wutsiya. A nan matsala ta bayyana. Idan gudu ya yi gudu, iska takan zirara daga saman ruwa ta lulluɓe gefe ɗaya na fiffiken, ya saki ruwa, wutsiya ta kufce, mai allo ya tsinci kansa yana tafiya a karkace. Masu ƙira sun gwada dabaru iri-iri, wasu ma abin dariya ne in muka dube su yau: fiffike mai tsaga a tsakiya, mai ƙaramin ɗan'uwa a gabansa, mai siririn wuya da faffaɗan kai. Abin da ya yi magani a ƙarshe shi ne kayan ƙira masu tauri, wato G10 da kabon, da soket mai ƙarfi irin na Tuttle wanda ke riƙe gindin fiffike ƙam.

Sakamakon bai daɗe ba. A 1986 Bafaranshe Pascal Maka ya yi kilomita 72 a awa a gaɓar Sotavento ta tsibirin Fuerteventura, ya karɓe kambun gudu daga jirgin Crossbow II, wanda ya kafa tarihinsa na ƙarshe a 1980. Mutum guda a kan allon da zai iya saɓawa a kafaɗa ya wuce jirgin da aka kashe wa dukiya.

Tun a lokacin masu wannan wasa suka gane cewa iska ba ta wuyar samu, ruwa mai laushi ne ke wuya. Iskar da za ta ba ka gudu ita ce kuma ke tayar da ƙananan raƙuman da ke dukan allo suna cinye gudun. Faransawa sai suka haƙa wa kansu ruwa: doguwar magudana ta fiye da kilomita ɗaya a bakin teku kusa da Saintes-Maries-de-la-Mer, inda iska ke da 'yanci amma raƙumi ba shi da filin tashi. A can Erik Beale ya fara haura kilomita 74 a awa a 1988, a can Finian Maynard ya dawo da kambun a 2004 bayan jirgin Yellow Pages Endeavour ya riƙe shi shekara goma sha ɗaya, a can kuma Antoine Albeau ya kai kilomita 91 a Maris ɗin 2008. Daga baya fage ya koma Lüderitz a Namibiya, inda Albeau ya haura kilomita 98 a 2015 a wata magudanar da aka haƙa. Fiffiken wannan zamani gajere ne, siriri, kusan a tsaye, wani lokaci ma gefensa biyu ba iri ɗaya ba ne, don hanya ɗaya tak ake bi da shi.

Amma magudana ta 'yan ƙalilan ce. Akwai kuɗin shiga, akwai alƙalai, akwai jiran makonni. Abin da ya buɗe wa kowa ƙofa ya zo ne daga inda ba a zata ba. A watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina gurɓata siginar GPS da take yi wa farar hula da gangan, cikin 'yan shekaru kuma ƙaramar na'urar da ake ɗaurawa a dantse ta zama alƙali. Aka fito da sabbin ma'aunai, mafi shahara a ciki shi ne matsakaicin gudu biyar mafi kyau na daƙiƙa goma-goma. Likita da makaniki da malamin makaranta suka shiga neman ruwa mai laushi kusa da gida, kuma galibi a inda ruwa bai wuce gwiwa ba suka same shi, domin raƙumi ba ya girma a ruwa marar zurfi.

Irin wannan ruwa kuwa gidan ciyawa ne. A Holan abin ya zo da nasa tarihin. Tafkunan da suka rage tsakanin sabuwar ƙasar Flevoland da tsohuwar gaɓa, irin su Veluwemeer, sun yi duhu da gansakuka a shekarun 1970. Da aka rage sinadarin fosfet da ke kwarara cikinsu, ruwa ya washe a shekarun 1990, hasken rana ya kai ƙasa, ciyayi suka dawo da ƙarfinsu. Masu kula da muhalli suka yi murna, masu allo a Strand Horst, da ke gaɓar waɗannan tafkuna, suka yi ta tsaki, don fiffike mai tsayuwa yana kwashe ciyawa kamar manjagara. Zare biyu ko uku sun isa su rage gudu, dunƙule guda kuwa ya kufce da wutsiya.

Fiffike mai kishingiɗa ba sabon abu ba ne a lokacin, an daɗe ana sayar da shi, sai dai ana yi masa kallon abin lalura. Idan aka karkata bakinsa baya da kamar digiri 45, ciyawa takan zame ta bi shi ta fice ta ƙasa. Farashin wannan shi ne raguwar ƙarfin tokare ruwa, da wahalar haurawa wajen da iska ke fitowa, ga kuma wurin tokarewar da ke komawa baya, abin da ya sa masu ƙira suka riƙa turo jikin fiffiken gaba da soket don allo ya daidaita.

'Yan Ostireliya ne suka juya lissafin, kuma a ganina nan ne labarin ya fi daɗi. A tafkin George kusa da Beachport, da mashigin Peel a Mandurah, da Albany, sun lura cewa inda ciyawa ta fi kauri har tana taɓo saman ruwa, a nan ruwan ya fi kwanciya, ko da iska na kaɗawa da ƙarfi. Ganyen na shanye motsin ruwa kafin ya zama raƙumi. Abin da Faransawa suka haƙa da injuna, ciyawa tana bayar da shi kyauta, kuma a fili mai faɗi da za ka bi ta kowace kusurwa. Daga nan aka daina gudun ciyawa, aka koma bin ta, mutane suna tuƙa mota yini guda zuwa tafkin da a da ba wanda zai kalla.

Fiffike sai ya ƙara kwanciya. Aka sami mai siffar kusurwa uku da ake kira delta, mai faɗin gindi, karkatarsa ta haura digiri 50, zurfinsa sau da yawa bai kai santimita 20 ba, alhali na tseren ruwa mai zurfi yakan kai 35 ko 40. Siffar ta fito ne daga ilimin fukafukan jiragen sama masu tsananin gudu. Delta tana da masoya da maƙiya, kuma duka suna da hujja: a ruwa mai laushi tana tafiya lami lafiya, amma da ta shiga raƙumi ko aka danne ta da ƙafar baya tun gudu bai kankama ba, sai ta saki. Yashi da ciyawa kuma suna cin bakin G10 kamar ba gobe, shi ya sa wasu ƙananan maƙera a yammacin Ostireliya suka koma zuba fiffike da alminiyam.

Wanda ya saba yakan fara da taka ruwan da ƙafa. Zurfi ne ke yanke tsawon fiffike, domin taɓa ƙasa a kilomita 70 a awa yana nufin tashi sama da karyewar kaya, wani lokaci har da haƙarƙari. Kaurin ciyawa ke yanke karkata, girman ƙyalle da faɗin wutsiyar allo su yanke faɗin fiffiken. Da yake ƙarfin tokarewa na ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, ranar babbar iska ƙaramin fiffike ake ɗaurawa.

Allunan da ke tashi sama a kan fukafukin ƙarƙashin ruwa sun mamaye tsere, har su aka hau a wasannin Olamfik na 2024 a Marseille. Sai dai sandarsu ta kusa mita guda, ba ta da wurin shiga a ruwan gwiwa, kuma ciyawa kaɗan ta isa ta kayar da ita. Tafkin George da Strand Horst suna hannun masu gajeren fiffike har yanzu.