Daga duwatsun Ƙala'at an-Nahal zuwa bakin injin huda ƙarfe

Ƙala'at an-Nahal gari ne a jihar Gadarif ta Sudan, a kan layin dogon da ya haɗa Gadarif da Sinnar a 1929, yankin da Hausawa da yawa suka yi kaka-gida suna noman dawa da riɗi. A duwatsunsa akwai ma'adinin kuromait, wanda daga cikinsa ake fitar da kuromiyam. Shi kuwa kuromiyam ba a rasa shi a ƙarfen nan na musamman da ake ƙera bakin injin huda da shi, irin wanda kanikawa ke aiki da shi wajen gyaran tarakta. Kusan kashi 4 cikin ɗari na wannan ƙarfe kuromiyam ne.

Tarihinsa ya soma ne a Ingila a 1868, lokacin da Robert Mushet ya gauraya ƙarfe da tungistan. Daga baya Frederick Taylor da Maunsel White na kamfanin Bethlehem Steel a Amurka suka gano yadda za a gasa shi, suka kai shi bikin baje koli na Paris a 1900. Nan jama'a suka ga bakin inji ya yi ja wur don zafi, amma yana ta yankan ƙarfe bai dakushe ba. Sirrin yana cikin wasu ƙananan ƙwayoyi masu tsananin tauri da ake kira kabaid, waɗanda ke samuwa idan kabon ya haɗu da tungistan ko molibdinam ko banadiyam ko kuromiyam. Su ne haƙoran ƙarfen.

Akwai irin wannan ƙarfe da ake zuba wa alminiyam. To ina alminiyam ya shigo, ƙarfen da muka sani da laushi a tukwanen girki? Rashi ne ya jawo shi. Masu ƙera ƙarfe kan zuba kobalt don bakin inji ya jure zafi, ga shi kobalt na da tsada, kuma mafi yawansa daga Kongo yake fitowa. Da yaƙi ya kai garin Kolwezi na Kongo a 1978, farashinsa ya ninka sau da yawa. Ƙasar Sin, wadda ke da tungistan jibge amma ba ta da wadatar kobalt, ta nemi wata hanya: ta zuba alminiyam kimanin kashi 1 cikin ɗari a wani nau'in wannan ƙarfe mai suna M2, ta sami wanda ake kira M2Al.

Abin sha'awa shi ne alminiyam ba ya shiga cikin kabaid ɗin. Narkewa yake yi a jikin ƙarfen, daga can yake sauya halin kabon da siffar da kabaid ke ɗauka yayin da narkakken ƙarfe ke daskarewa. Sakamakon shi ne tauri da juriyar zafi masu kusantar na ƙarfe mai kobalt, a kan kuɗi kaɗan. Yana da nasa aibin: fatar ƙarfen kan yi saurin rasa kabon a wuta, wasa shi ma sai da haƙuri.

A ganina abin da Sinawa suka yi ya cancanci yabo, domin sun duba abin da ƙasarsu ke da shi suka gina masana'anta a kansa. Sudan kuwa ta daɗe tana haƙo kuromait a tsaunukan Ingasana tana sayar da shi ɗanye, sannan ta sayo bakin inji daga waje.