Yadda ake mayar da bidiyon intanet ya zama faifan kallo

Daga shekarar 2009 ba a sake gudanar da bikin kamun kifi na Argungu ba sai a 2020. A tsawon lokacin, hotunan bidiyo ne kawai suka rage wa masu son ganin masunta na rububin faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora.

Akwai irin waɗannan hotuna a intanet, to amma mai son kallonsu a talabijin ta na'urar faifai, a Argungu ne ko a Birnin Kebbi, sai ya bi wasu matakai. Kwafa bidiyon kai tsaye a kan faifai ba ya wadatarwa, domin tsofaffin na'urori da dama ba sa karanta shi.

Dalili kuwa shi ne bambancin tsari. Yawancin bidiyon intanet na zuwa ne a tsarin MP4, alhali faifan VCD na amfani da MPEG-1, faifan DVD kuma da MPEG-2.

Matakai uku

Da farko ana juya bidiyon a kwamfuta da manhaja irin su FFmpeg. A nan ya kamata a zaɓi tsarin PAL mai hoto 25 a daƙiƙa, wanda talabijin ɗin Najeriya ya ginu a kai, saɓanin NTSC na Amurka.

Na biyu shi ne jera bidiyon yadda na'ura za ta gane shi. A faifan DVD ana zuba shi cikin wata ma'ajiya mai suna VIDEO_TS, aikin da manhajar DVDStyler ke yi kyauta.

Daga nan sai naɗa shi a kan sabon faifai, a kuma rufe faifan. Wanda ba a rufe ba kan ƙi yin aiki a wata na'urar.

VCD ko DVD?

Kamfanonin Sony da Philips da Matsushita da JVC ne suka fito da VCD a 1993, kuma a kansa aka daɗe ana sayar da finafinan Hausa. Yana ɗaukar minti 74 zuwa 80, da hoto mai ɗigo 352 a faɗi da 288 a tsayi.

DVD kuwa na ɗaukar gigabait 4.7, kimanin sa'o'i biyu na hoto mai ɗigo 720 da 576.

Juya bidiyo ba ya ƙara masa kyau, hasali ma kowane juyi na rage ingancinsa. Zafin rana da ƙarzuwa kuma na lalata faifai, don haka ya dace a adana bidiyon na asali a wani wuri dabam.

Haka kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta haramta naɗar aikin wani domin sayarwa ba tare da izninsa ba.