Neman Ƙofa a Jikin Rediyon Tsohuwar Mota

Mota ta fi abin da ake saurare a cikinta tsawon rai. Camry ɗin da aka ƙera a 1999 tana nan tana jigila tsakanin Kano da Zariya, amma kaset ɗin da aka yi rediyonta dominsa ya daɗe da barin kasuwa, faifan CD da ya gaje shi ya bi sahu, memori ya zo ya yi zamaninsa, yanzu komai ya tattara ya koma cikin wayar hannu. A wannan tazarar muke cin abinci, mu masu aikin rediyon mota. Kamfani ya rufe akwatinsa bai bar kafar da sauti zai shiga daga waje ba, mai mota kuma ya zo da sabon abu a aljihu yana son ya ji shi a lasifikokin ƙofa. Duk abin da sana'armu ta koya a shekarun nan, a wajen neman wannan kafa ta koye shi.

Lokacin da na shiga shago ina yaron maigida, babu mai wannan buƙata. Titi cike yake da Fijo 504 da 505 na kamfanin Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, aikinmu kuma canza bel ɗin roba, goge hed da auduga da sifirit, da ciro zaren kaset da inji ya tauna. Kaset ɗin da Philips ya fito da shi a 1963 ya ishi kowa, domin ana iya naɗar abu a kansa. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi, waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya, ƙira'ar Minshawi, duk a kaset suke yawo daga tasha zuwa tasha. Ko da CD ya iso, bai kori kaset a nan da wuri ba. Ramin hanya na sa faifai tsalle, ƙurar hunturu na rufe idon da ke karanta shi, kaset kuwa ko a kan burji ba ya fasa waƙarsa.

Ƙofa ta farko da aka samu ta bakin kaset ɗin ce. Wani injiniya Ba'amurke, Larry Schotz, ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1988: kaset mai jela, wanda ba shi da zare a ciki ko kaɗan. Ya yi shi ne saboda ƙananan na'urorin CD na ratayawa irin wanda Sony ya fitar a 1984, amma mu bai zama abin kasuwa a wurinmu ba sai da wayoyin hannu masu cin memori suka yawaita, shekaru kaɗan bayan zuwan GSM a 2001. Har gobe ina jinjina wa dabarar. A daidai inda zare ya kamata ya wuce, an dasa wani hed da ke fuskantar na rediyon baki da baki. Sautin da ya fito daga wayarka yana bi ta jelar, hed ɗin ya mayar da shi maganaɗisu, na rediyon ya karanta yana zaton zare ne ke wucewa. Sai kuma 'yan giyoyin roba da ke haɗa ƙafafun biyu, don injin ya ga suna juyawa, kada ya ɗauka kaset ya ƙare. Matsalar da aka fi kawo mana ma daga nan take: mota mai juya kaset da kanta sai ta riƙa ƙas-ƙas, tana komawa gefe ɗaya tana dawowa ɗaya. Maganin shi ne a kwance kaset ɗin, a cire 'yar ƙafar da ke riƙe juyin, a mayar. Ba a taɓa wayar mota ko ɗaya ba, sautin kuma ya fi na abubuwa da dama da suka zo bayansa. Masu ƙera motoci sun daɗe ba su saki kaset ba. A Amurka Lexus SC 430 ta 2010 ce ta ƙarshe da ta fito da shi daga kamfani, shi ya sa wannan dabara ta yi tsawon rai.

Motar da ba ta da kaset fa? Sai aka bi ta eriya. Ƙaramar na'ura ce da ke zama tashar FM ta kanta, tana watsa sauti tazarar 'yan taku, rediyon mota ya kama ta kamar kowace tasha. A ƙasashen Turawa iPod ne, wanda Apple ya fitar a 2001, ya sa ta tashe, musamman iTrip na kamfanin Griffin a 2003. A Birtaniya ma doka ba ta halatta amfani da irinta ba sai ƙarshen 2006. Namu daga Cana suka zo: a soka a ramin kunna sigari, ya ci memori ko filashi, ga ɗan rimot kamar akwatin ashana. Direbobin Golf da Sharon da ke dogon zango su suka fi rungumarsa. Mutum ya biya ta kasuwar Farm Centre, masu turi su cika masa memori da wa'azin Malam Ja'afar da waƙoƙin fim, ya kama hanyar Maiduguri bai sake neman kaset ba.

Ban taɓa son wannan hanya ba, ko da yake na sayar da su da yawa. FM kansa yana yanke saman sauti a wajajen kilohaz 15, ƙananan na'urorin nan kuma ko nan ba sa kaiwa. Ga shi tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003 tashoshi masu zaman kansu suka yi ta ƙaruwa, har samun gurbin da babu kowa a kai ya zama aiki. Lambar da ta yi tsit a Wudil, kana shiga gari sai wata tasha ta danne ta. Rediyon da aka yi don kasuwar cikin gida ta Japan kuma daga 76 zuwa 90 kawai yake kamawa, sai ka nemo na'urar da za ta sauka inda yake ji. Akwai mai dama-dama, wadda ake sakawa tsakanin wayar eriya da rediyo, tana yanke eriyar in an kunna ta. Ta fi tsafta, amma dai FM ne.

Ainihin gwanintar sana'a a hanya ta uku take, wato a buɗe rediyon a shiga da dalma. A nan ake gane wanda ya zauna gaban maigida da wanda ya tsinci aiki a titi. Kowane rediyo yana da mahaɗar da sautin kaset, da na tasha, da na CD suke haɗuwa kafin su wuce wurin ƙara murya su shiga amfilifaya. Aikinka ka gano layin hagu da na dama a kan allon, ka yanke su a inda ya dace, ka shigar da naka. Kuskuren sabon shiga ɗaya ne kullum: ya ga wayoyin da suka fito daga hed ɗin kaset, ya ce ai ga ƙofa. Abin da hed ke fitarwa ɗan mitsitsi ne, wayar hannu ta ninka shi ɗaruruwa, kuma bayan hed akwai ƙaramin amfilifaya da ke ɗaga ƙasan sauti da gangan don gyara halin zare. Ka zuba waya a nan, abin da zai fito gurnani ne kawai. Dole a tsallake shi, a shiga ta gabansa, a sa kafasita a kowane layi don kada wutar da ke zaune a kan allon ta koma cikin wayar mutum. Ba mu da zanen kamfani. Da ɗan tsinken ƙarfe muke bin layi, rediyo na kunne, inda ka taɓa lasifikar hagu ta yi ƙugi ka san ka samo hagu. Maigidana yakan ce, "Kai yaro, kunnenka ne mitarka," kuma sai ya sa ka samo layin sau biyu kafin ya bari ka ɗauki dalma.

Da ka gama wannan, saura ka shawo kan rediyon ya buɗe ƙofar, domin ba zai saurari layin kaset ba sai ya ji kaset a ciki. Sai mu soka fanko marar zare, ko mu haɗe ɗan makunnin da ke gaya masa an saka. A rediyon CD kuma faifai muke bugawa wanda babu komai a kansa sai shiru na fiye da sa'a guda. Yana juyawa, rediyo na ganin waƙa yake yi, sautin waya na shiga ta layin da muka yanke. Akwai motocin da har yau suke yawo da faifan shirun da aka saka musu shekaru da suka wuce. Wani abin da ya koya mana taka-tsantsan shi ne lambar sirri. Rediyon Honda da na motocin Turai da yawa, da zarar an raba su da batir sai su kulle su nemi lamba, motar da ta biyo ta Kwatano kuwa da wuya ta zo da katinta. Kafin ka zare soket, ka tambayi Alhaji ko yana da lambar.

Ashe a motoci da yawa ƙofar na nan a baya, kamfani ya yi ta don wani baƙon daban. Rediyon shekarun 1990 zuwa 2000 da 'yan kai suna da soket na akwatin CD mai cin faifai shida, wanda ake ɗaurewa a but ko ƙarƙashin kujera. Layin sauti mai tsafta ne, sai dai rediyo ba ya buɗe shi sai akwatin ya yi masa magana da yaren kamfaninsu: Toyota na da AVC-LAN, Alpine na da M-Bus da Ai-NET, Pioneer na da IP-Bus, Sony na da Unilink. Kamfanoni irin su Yatour da Grom da Dension suka koyi waɗannan yaruka, suka yi ƙananan akwatuna da ke amsawa da sunan akwatin CD. Shi ya sa ake jera waƙoƙi a filashi cikin jakunkuna masu sunan CD01, CD02, kowace kada ta wuce waƙa 99, domin fuskar rediyon lamba biyu kawai ta san nunawa. BMW da Apple sun fito da nasu haɗin iPod a 2004, alamar masu ƙera motoci sun fara farga. A ganina wannan ce hanya mafi kyau da aka taɓa samu: maɓallan sitiyari na aiki, ba a yanke komai ba, in ka zare akwatin mota ta koma yadda ta fito. Sai dai ka san motarka. Toyota tana da soket mai fil 5 da 7, da na baya mai 6 da 6, ba sa shiga juna. Fijo 307 da 407 masu rediyon RD4 layin yana nan a bayansu, amma a kashe yake sai an haɗa kwamfutar gwajin Fijo an kunna shi. Motocin Marsandi na wancan zamani kuma da zaren haske suke tura sauti, D2B sannan MOST, babu inda dalma za ta kama. Nan sai akwati mai tsada ko haƙuri.

Bluetooth bai kawo sabuwar ƙofa ba, jela kawai ya yanke. Tun 2003 aka fitar da ƙa'idar tura waƙa ta cikinsa, amma sai da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, wasu suka bi, sannan ya zama abin da kowa ke tambaya. Yanzu a duk inda a da muke fito da waya, ƙaramin allo muke ɓoyewa a bayan dashbod. Ya zo da ciwonsa biyu. Na farko kukan da ke tashi da totur yana sauka da shi. Yana faruwa ne idan allon da rediyon suka ɗauki nagetib a wurare daban-daban, ƙazantar wutar oltaneta ta sami hanya ta bi layin sauti. Ana kashe shi da haɗa nagetib ɗinsu wuri guda, ko a raba su da ɗan taransifoma. Na biyu, yaro ya ɗauki wuta daga wayar da ba ta mutuwa ko an zare makulli, mota ta kwana uku a ajiye, batir ya sauka. Mai mota ya canza batir, ya zagi mai batir, alhali laifin na bayan rediyo.

Yau abin da ake yayi shi ne allon Android. Mutum ya shigo ya ce, "Malam, cire min wannan tsohon, sa min talabijin." A motocin da suka bi ma'aunin ISO 7736 na 1984, rami mai faɗin milimita 180 da tsayin 50 ko ninkinsa, cirewa ba wuya. Amma ɗauki Honda Accord ta 2003 zuwa 2005, wadda ake kira End of Discussion: rediyonta da maɓallan iyakwandishan a allo ɗaya suke. Ko Sienna da Camry masu JBL, da amfilifayarsu ke ɓoye wani wuri tana jiran umarnin rediyon kamfani. Na sha karɓar irin waɗannan bayan an datse musu soket da almakashi an naɗe da salatif, lasifika biyu sun yi shiru, sanyi ya ƙi daidaituwa. Kuma gaskiya, rediyon da Panasonic ko Fujitsu Ten ko Clarion suka yi wa masana'antar mota an gina shi ne don ya jure zafi da girgiza na shekaru, an kuma daidaita shi da lasifikokin wannan motar. Allon araha da ya yini a ranar watan Afrilu a Sakkwato ba ya yin rabin wannan kwana. Akwai masu kyau a cikinsu, ban musa ba, kuma mai son taswira da kyamarar baya yana da hujja.

Abin da ke damuna shi ne hannun da ke raguwa. Yaran da ke zuwa koyo yanzu sun iya ɓalle dashbod cikin minti kaɗan ba tare da karya ƙugiya ba, sun fi ni sanin saitin allo, amma kaɗan ne za su iya bin layin sauti a kan allon rediyo. Nakan tara matattun rediyoyi daga Ƙofar Ruwa in zube musu a benci, in ce kowa ya samo min hagu da dama. Mai motar da ya dage sai allo kuwa, nakan yi masa da soket na haɗi ba tare da yanke wayar mota ko ɗaya ba, in rubuta lambar sirrin tsohon rediyon a jikinsa, in naɗe shi a leda in sa masa a but, domin da yawansu sukan dawo a mayar musu da shi.